Malam Tabbas da Na'urar da Ta Ƙi Amsa Ɗaya

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1952, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya kammala kwalejin horon malamai a 1974 da shaidar ƙwarewa a ilimin lissafi.

Aiki da Iyali

Ya koyar a sakandare har ya yi ritaya a 2009. Tun shekararsa ta farko ya haramta kalmar "wataƙila" a ajinsa, bisa aƙidar cewa kowace tambaya amsarta ɗaya ce tak, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Tabbas. Ya yi aure a 1977, Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu, kuma dokar aji ta biyo shi har gida. A 1999 ya tambayi ɗan farinsa ko zai gaje shi a aikin koyarwa, saurayin ya ce wataƙila. Malam ya nuna masa ƙofa, ya kuma hana a ƙara ambatonsa a gabansa.

Shekarun Ƙarshe

A 2023 autarsa, ganin zaman kawai ya fara cin sa, ta nuna masa a wayarta yadda kowa zai iya aika umarni ta intanet zuwa kwamfutar kwantam ta gaske, wata sabuwar na'urar lissafi mai aiki da ƙa'idojin ƙwayoyin zarra, wadda ake ajiyewa cikin matsanancin sanyi a wata ƙasa. Ta koya masa sarrafa kyubit, wato ƙwayar lissafin na'urar, ya sanya ta tsakanin sifili da ɗaya, sannan ya auna. Amsa ta fito sifili. Ya maimaita bai canza ko ɗigo ba, ta fito ɗaya.

Iyalinsa sun shaida cewa ba su taɓa ganinsa cikin irin wannan firgici ba. Ya cire tabarau ya goge, ya zargi kansa, ya zargi wayar, ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Autar ta ce masa, "Baba, ba lalacewa ta yi ba. Haka abin yake, sai an tambaye ta sau da yawa kafin a san inda ta fi karkata." Sai ya ce, "Ni kuwa sau ɗaya na tambayi yayanki."

A makon ya sa aka nemo lambar ɗan nasa, ya tambaye shi da bakinsa ko zai dawo gida. Ɗan ya ce wataƙila. Malam ya karɓi amsar, ya ci gaba da kira duk mako.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 2024 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: ɗaya akanta, ɗaya malamar jinya, sai autar, da ɗan farin, wanda a hannunsa Malam ya cika.