Jibirilla, Wa Zai Tsaya Mini Ranar Lahadi?

Daga Allah muke, gare Shi kuma za a mayar da mu, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba.

Ranar Litinin, 13 ga Rajab, 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Jibirilla Abdulwahid, direban tankar ruwa, a garejinsu da ke Birnin Masana'antu na Biyu a nan Riyadh. Sun ce ya sauko daga mota, ya dafe ƙirji, ya zauna, bai ƙara tashi ba. Mun yi masa sallah bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa.

Ni Rabilu, mutumin Ningi, ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Almustafa direba ne ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Masu gyara mini magana sun yi yawa a garin nan.

Jibirilla, kai ne ka ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, don kafilinmu, maigidan da ya kawo mu aiki, ɗaya ne. Tun a mota na gaya maka ni maharbi ne, ɗan maharbi, jikan Sarkin Baka. Ka yi murmushi ka ce, "Baba Rabilu, wannan sarautar ka bar ta a Ningi. A iƙamarka, katin zamanka a ƙasar nan, haris aka rubuta, wato maigadi." Na ji haushinka ranar, kuma ban ɓoye maka ba.

Duk Bahaushen da aka kai aikin gona ko kiwo a bayan gari, sai ka zaunar da shi ka karanta masa dokar daji. Ka san ta ne saboda kai ke tuƙa baƙin kafili idan lokacin harbin tsuntsaye ya zo. Kakan ce a nan farauta lokacinta gare ta, da izininta, da wuraren da ko kusa ba a zuwa. Baƙo ba ya ɗana tarko, ba ya riƙe bindigar wani, ko da maigidansa ne ya miƙa masa. Barewa kuwa, kakan ce, ko a mafarki ka gan ta ka kau da kai. Ni kuma in ce maka yaushe aka haife ka da za ka koya mini daji. Ba ka taɓa fushi ba. Sai dai ka zuba mini ruwa a tanki, ka ajiye mini burodin kubus da madara, ka ce, "Tsohon nan, Allah Ya shirye ka."

Lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ni a gonar dabinon da nake gadi, 'yan garinmu da ke cika baki a taron Juma'a babu wanda ya leƙo. Maulud, wanda na yi wa goyo yana jariri, waya ma bai buga ba, ya ce wurin ya yi nisa. Kai da ba mu haɗa gari ba, kai ka kai ni asibiti, kai ka yi mini tafinta, kai ka riƙe mini takalmi a ƙofar likita. Almustafa, rubuta sunan Maulud ɗin, kada ka tsallake.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa, wanda kai kaɗai ka san gaskiyarsa.

A watan jiya, da safe, na tarar da barewa ta maƙale a shingen wayar gonarmu. Daga gandun da hukuma ta keɓe wa namun daji ta ɓullo. Waya ta shiga wuyanta, ƙafarta ta baya ta karye, idonta ya fara juyawa. Na san wannan idon tun ina yaro: ranta ya kusa fita. A gidanmu, maharbin da ya tsaya yana kallo dabba ta zama mushe a gabansa, alhali da wuƙa a ƙugunsa, ya ci amanar daji kuma ya ci amanar dabbar. Na juya ta ta fuskanci alƙibla, na yi bisimilla. Daidai nan tankarka ta shigo. Na ji ka kana ihu ta taga, "Baba, kada ka taɓa ta!" Amma wuƙa ta riga ta wuce.

Ni har ina ce maka cinya taka ce, kamar yadda ake ba aboki a daji. Kai kuwa kana nuna mini wani abin wuya da ke jikinta, ka ce da shi ake sanin inda take. Ba a jima ba sai ga motar jami'an kula da namun daji. Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba, wannan zan faɗa. Babbansu ya tambaye ni ko ni wane ne. Larabcina kaɗan ne, amma akwai kalmar da na koya tun zuwana don in riƙa faɗin asalina. Na miƙe tsaye na ce, "Ana sayyad." Ni maharbi ne. Har na ƙara da cewa ubana ma sayyad.

Ka taka mini ƙafa, mai ciwon ma kuwa. Ka yi ta cewa, "Haris! Haris! Tsoho ne, bai san abin da yake faɗa ba." Ka nuna musu shingen, ka rantse ka ga dabbar tana shure-shure a cikinsa kafin in sa mata wuƙa. Suka ɗauki barewar da wuƙata, suka ce za a kira ni a bincika ko shinge ne ya kama ta ko tarko na ɗana. An sa ranar Lahadi mai zuwa. Ka ce mini, "Kada ka damu, tare za mu je. Ni zan yi magana. Kai kalma ɗaya kawai nake roƙonka." Na ce maka ba zan ƙaryata kakana don tsoron kowa ba. A kan haka muka rabu. Maganata ta ƙarshe da kai ke nan, Jibirilla.

Har gobe ban yarda na yi laifi da na yanka ta ba. Amma ina jin tsoro, kuma ban taɓa faɗin wannan kalma a gaban mutum ba. Na kwana a dajin Burra da kura tana zagaya ni ban ji abin da nake ji yanzu ba. Ɗaliban jami'a da suka zo gaisuwa sun ce tarar barewa ba abin da maigadi zai iya biya ba ne har ya mutu, wasu sun ce ɗauri, wasu sun ce tarhil, a mayar da ni gida ba komai a hannuna. Kowa ya faɗi tasa ya tafi, babu wanda ya ce zai raka ni. Kafili ya ce shi ba ya nan lokacin. Duk motar da ta tayar da ƙura a hanyar gona sai in miƙe in leƙa ko jami'an ne. Mutum ɗaya ya ga wayar nan a wuyanta, ni kuma na zuba masa ƙasa da hannuna.

Tun daga maƙabarta nake maimaita kalmarka. Ina ba dabino ruwa ina cewa haris. Ina alwala ina cewa haris. Tsorona kada jami'an su tambaye ni, bakin nan nawa ya riga ni. Kana da rai ban ji maganarka ba ko sau ɗaya. Wannan karon zan ji.

Ya Allah Ka jiƙan Jibirilla, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu a tsakiyar sahara. Ka tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani, kamar yadda ya tsaya mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hansai, da 'ya'yansa Bilƙisu da Kamil, da mahaifiyarsa Inna Tabawa a Rano. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ku yafe mini, ban taɓa gode masa yana ji ba.

Wanda ya karanta wannan, ya yi masa addu'a. In da saura, ya tuna da ni ranar Lahadi.

Rabilu Ningi, haris.