Ranar da Goshin Baba Ya Koma Ƙasa

Maigidana ya yi ritaya yana farfesa a jami'a, malaman motsa jiki da suka fito daga hannunsa kuwa sun cika makarantun arewacin ƙasarmu. Amma lokacin da aka kawo ni gidansa a Ganou, cikin Parakou, Turawa ba su daɗe da tafiya ba, kuma shi malami ne kawai mai gajeren wando da usur a wuya. Ni nake wanke wandon, in shanya shi a bayan ɗaki don kada baƙi su gani.

Mahaifinsa, Baba, tsohon falke ne a Djougou, ƙafarsa ta san hanyar goro tun yana saurayi. Bai taɓa sa wa aikin nan albarka ba. Da yake maigidana ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, ba ya ma duban fuskarsa in zai yi magana. Sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan, mun kai shi lakwal ya yi boko ya zama mutum, ya ɓige da koya wa ƙartai tsalle."

Wannan magana ta fi komai cin maigidana. Ya ce mini in har ba a sa albarka ba, zai ajiye usur ya koma kasuwa.

Wani hutu muka je Djougou. Ina kai wa Baba ruwan alwala sai na lura a zaune yake sallar azahar, goshinsa ba ya kai ƙasa. Gwiwoyinsa sun sandare. Da ya sallame ya daɗe yana shafa buzun da hannu. Na koma ɗaki na yi kuka, sannan na faɗa wa maigida.

"Na san maganinsa," in ji shi, "amma ba zai karɓa daga gare ni ba."

"To, Malam, koya mini."

Dariya ya yi. "Ke? Ɗalibai ma sai sun shekara uku."

Ya koya mini dai. Kullum da hantsi nakan ɗumama man kaɗanya in miƙa wa Inna, uwar maigida, ta shafa wa Baba. Ni kuma daga bakin ƙofa, kaina a sunkuye, ina cewa, "Baba, a miƙe ƙafa. A lanƙwasa. A sake." Maigida na laɓe bayan zana yana ƙirgawa da yatsu.

"'Yata, wa ya koya miki wannan wahala?"

"A Parakou na gani, Baba."

"Hmm. A gaya wa zanan can ya daina numfashi da ƙarfi."

Kafin hutun ya ƙare, ranar wata Juma'a da la'asar, goshin Baba ya taɓa buzu. Ya jima bai ɗago ba. Da ya idar, ya dubi bango kamar kullum.

"A gaya wa wancan ya riƙe aikinsa. Allah ya yi masa albarka. Amma in zai shigo garin nan, ya sa dogon wando."

Tun daga ranar na koma shanya gajeren wandon a tsakar gida.