Goran Irin da Na Hana a Buɗe

Ni matar manomi ce. A wani ƙauye da ke bayan 'Yankuzo aka kai ni aure, can na haifi 'ya'yana, can furfura ta same ni. Ban iya karatu ba balle rubutu. Maƙwabciyata ce, malamar makaranta, take rubuta mini wannan, ina faɗa ina share hawaye. A wancan lokaci an san ni da hali ɗaya: in na ƙulla abu a raina, babu mai kwance shi. Ina ɗaukar hakan ƙarfin zuciya ne.

Da daji ya ɓaci, noma ya gagara, ni da Malam maigidana muka taso zuwa Gusau, aka ba mu aron ɗaki a Damba. Cikin ɗan abin da na ɗauko har da wani gora cike da irin maiwa, na gauraya shi da toka, na liƙe bakin da laka. Maiwar gidansu Malam ce, tun kakansa ita suke shukawa, fara tas, furarta tana da wani ƙamshi da ban taɓa ji a ta kasuwa ba. Shirina a tsare yake: da kaka za mu koma gida, damina na faɗuwa mu zuba irin nan a gonarmu. Saboda haka ko ƙullin kayana ban kwance ba. Tukunya da tabarma kawai na fitar.

Kaka ta zo ta wuce, hanya ba ta yi kyau ba. Malam bai zauna jira ba. Wani ɗan'uwansa a Furfuri ya yanka masa 'yan kunyoyi a gefen gonarsa, sai ya zo yana roƙona cikin tafin hannu ɗaya na irin. Ya ce ba duka yake so ba, kaɗan zai gwada ya ga ko ƙasar can za ta karɓa. In ta karɓa, da kaka mu cire sabon iri mu mayar cikin goran, baɗi mu ƙara. In ba ta karɓa ba, mun koyi wani abu, kuma sauran yana nan. Na ce masa ranar da maiwar nan ta shiga ƙasar Furfuri, ranar muka sallama gida. Ya yi dariya ya ce tsohuwa, iri ba zinariya ba ne da za a ajiye a akwati, rai gare shi, yana tsufa kamar ni da shi. Na ce ya je ya shuka ta kasuwa. Kowace damina sai ya sake roƙo, kowace damina amsata ɗaya.

Shi haka ya ɗauki zaman gaba ɗaya. In ya dawo daga sallar Juma'a sai ya zauna a bakin ƙofa ya ce in zo mu duba makon da ya wuce, me ya yi daidai, me za mu sake. Ya gwada tallar rake, ƙafa ta hana shi, bai yi ta naci ba, ya koma gyaran ƙotar fartanya a gindin wata bishiya, nan ya yi abokai. Yakan ce in leƙa gida ɗaya kawai cikin makon nan in gaisa, ba sai unguwa duka ba. Ni kuwa in aka aiko ana suna ko biki, sai in ce mu baƙi ne, sai kaka za mu tafi. Har matan unguwa suka sa mini suna Inna Sai-Kaka. In na fito ɗiban ruwa wata ta tambaye ni ko motar ta iso, su kwashe da dariya. Daga baya ma suka daina aikowa.

Zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke Malam. Ƙofar gida ta cika da maza, mutanen da ban san ya sani ba. A cikin gida kuwa matan da suka zo mini gaisuwa ko sunayensu ban sani ba, su ma ba su san abin da za su ce mini ba bayan Allah ya ji ƙansa. 'Yata da ke aure a Tsafe ta yi kwanakin da za ta iya ta koma, ɗana yana nesa wurin neman abinci. Na yi takaba ni da ƙullin kaya da goran da ke rataye a ƙusa. Ranar Juma'a ta fi kowace nauyi, in na ji an taso daga masallaci sai in kalli bakin ƙofa.

Da ruwan farko ya sauka bayan na fita takaba, na ɗauki goran na shiga mota zuwa Furfuri, don in cika masa abin da ya yi ta roƙo. Ɗan'uwan nasa ya ce Yaya, mu fara jiƙa kaɗan a tsumma mu ga ko zai tsira. Ko a nan ban ji ba. Na ce na jira isasshe, a zuba duka. Aka zuba duka. Gonakin gefe suka yi kore, kunyoyin Malam suka tsaya jawur. Na durƙusa ina tonawa da yatsa, tsabar tana nan yadda aka sa ta, wata ta ruɓe. Bawan Allah ya bari na gama kukana, ya shuka wake a wurin. Na aika cigiya wurin 'yan garinmu da suka warwatsu, babu wanda ya fito da irin. Maiwar da ta rayu a hannun kakanni, a hannuna ta mutu, ina ganin tsare ta nake yi.

Da na dawo na kwance ƙullin kayana, asu ya cinye rabin zannuwan. Yanzu kowace Juma'a ina shiga gida ɗaya in gaisa, kuma ta haka na san mai rubuta mini wannan. Ta ba ni irin rama na zuba a tsohon baho. Wanda na ajiye a rana ya ƙone, na matsar da bahon inuwa na sake zubawa, ya fito.

'Yan'uwana mata, musamman waɗanda aka raba da gidajensu kamar ni, ban ce ku daina fatan komawa ba, ni ma ban daina ba. Amma kada ku tsayar da rayuwa cik kuna jiran ranar da komai zai yi daidai. Ku yi ɗan abin da zai yiwu a makon nan, ku duba, ku gyara. In wanda kuke tare da shi ya ce a sake shawara, ku saurare shi tun yana da bakin faɗa. Goran yana nan rataye a ƙusarsa, babu komai ciki sai toka. Cikin tafin hannu ɗaya kawai Malam ya roƙe ni.