Haliru Mai Faci da Waƙar da Ta Ƙi Goguwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san rumfar Malam Haliru mai faci, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana bakin titi kafin a shiga tashar Tsafe, da tsofaffin tayoyi uku a jere gabanta, da injin iska mai yin tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da ruwan da ya yi baƙi. Shekara talatin da ɗoriya Haliru na wurin. Mutum ne marar surutu. In an kawo masa tif mai yoyo, sai ya hura masa iska, ya nutsa shi cikin duron, ya riƙa juya shi a hankali yana jiran kumfa ta taso. Direba na iya yin ihu fasinja na jira, Haliru ba zai ɗaga kai ba sai ya ga kumfar nan ya sa mata alama. A ganinsa kowace huda ana samunta, sai dai in mutum ya gaji da dubawa.

'Ya'yansa biyar da matarsa Mairo, namiji ɗaya ne, Faruk. Tun yana firamare Faruk ke ɗaukar ƙarfen ɓare taya yana buga jikin duron, yana jero magana da sauri har numfashi ya ƙare masa. Da ya girma ya tafi Gusau, ya liƙe wa wani ɗakin ɗaukar sauti a Damba, ɗaki ɗaya da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Waƙar da suke kira hip-hop yake yi. Haliru bai taɓa gane ta ba. Shi dai yana jin kamar mutum na faɗa da wanda ba ya wurin. Abu ɗaya ya yi masa daɗi, bai kuma taɓa faɗa ba: yaron bai ɗauki sunan Turawa kamar abokansa ba, Ɗan Mai Faci ya sa wa kansa.

Da kakar zaɓe ta zo, wani ɗan takarar majalisa a Bungudu ya aiko a yi masa waƙa. Ba yabo yake so ba, so yake a taɓa masa abokin takararsa, wani Muktar. Faruk ya zauna kwana biyu ya haɗa. Waƙar ta kama kamar wutar daji. Motocin kamfen na yawo da ita, 'yan kabu-kabu na sa ta a waya, 'yan mata na rawa da ita suna ɗorawa a TikTok. Da abin da ya samu Faruk ya zo Tsafe ya cire buhunan da ke saman rumfar ubansa ya buga sabon kwano.

Saura kwana huɗu zaɓe, suna dawowa daga taro a Bungudu da la'asar, tayar gaban motar da Faruk ke ciki ta fashe, motar ta yi ta juyawa. Mutum uku suka rasu, har da Faruk. Da aka zo faɗa wa Haliru, sai da ya tambaya a ina aka yi wa tayar faci. Ba a wurinsa ba ne. Ya ce to, ya zauna.

Ranar addu'ar uku, wani malami ya yi nasiha a ƙofar gida. Ya ce duk mai waƙar yaron nan a wayarsa ya ji tsoron Allah ya goge, domin muddin ana saurarenta ana ƙara masa kaya a kabari, balle waƙar da aka ci mutuncin mutane a cikinta. Jama'a suka ce haka ne, aka shafa, aka watse. A hanyar fita ma wayar wani ta yi ƙara da waƙar, ya yi sauri ya danne ta cikin aljihu.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganar ya tafi da ita ɗaki. Haliru ya tashi a zamanin kaset. Ya san kaset abu ne da ake riƙewa a hannu, in an buga ɗari to ɗari ne, in ka bi ka tattara su sun ƙare. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, kira kawai yake yi da ita. Sai ya ɗauka waƙar nan ma tana cikin wayoyi masu iyaka, in ya bi su ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, wata rana zai kai ta ƙarshe, a sauke wa ɗansa kayan.

Haka ya fara. Direba ya tsaya faci, sai Haliru ya gama aiki, ya goge hannu a riga, ya ce, "Don Allah kana da waƙar Ɗan Mai Faci a wayarka? Ɗana ne. Ya rasu. Ka taimaka ka goge." Yawanci kunya kan kama mutum, ya goge a gabansa. Haliru ba ya karatun boko, amma ya koyi gane hoton kwandon shara da ke fitowa, ba ya matsawa sai ya ga an danna shi. Da ya gama da masu tsayawa a rumfarsa, sai ya shiga tasha. Daga nan ya fara rufe rumfa ranar kasuwar Mada yana bin layin masu cajin waya. Mairo ta ce, "Malam, ka rame." Ya ce ai ya ci rabin aikin.

Amma muryar ba ta ragu ba. Yana durƙushe kan taya sai mota ta wuce, Faruk ya leƙo daga tagarta, da muryarsa sak, har da 'yar dariyar da yake yi kafin ya fara baiti. Kafin Haliru ya miƙe motar ta yi nisa. Wani lokaci yakan waiwaya ya dubi duron, inda yaron ke tsayawa da ƙarfe a hannu. Haka aka ci shekara biyu.

Wata rana a tashar Gusau, wani kwandasta ya ƙi gogewa, ya ce wayarsa ce. Haliru ya durƙusa ya kama ƙafarsa. Bai lura da wanda ke ɗaukarsa a waya daga gefe ba.

Bayan mako ɗaya ya koma tashar, sai Lawwali ya kira shi. Lawwali magidanci ne mai shagon caji da tura waƙoƙi, ya san Faruk tun farkon zuwansa Gusau. Ya ba shi benci, ya nuna masa waya.

"Baba, ka zama tauraro. Ga ka nan."

Haliru ya ga kansa a durƙushe, da hularsa a karkace.

"Mutum dubu ɗari biyu sun kalla. Dubi sharhi. Wanga ya ce ya yi kuka. Wanga ya ce fim ne, biyan ka aka yi. Waɗanga biyu kuma sun bar maganarka, suna zagin juna kan jam'iyya tun shekaranjiya."

"Dubu ɗari biyu," in ji Haliru a hankali. "To, sun goge?"

Sai Lawwali ya ƙara sautin wayar. Waƙar ce aka shimfiɗa a ƙarƙashin hoton, Faruk na rerawa, ubansa na roƙo.

"Baba, ka yi haƙuri. Da ta fara kwantawa, yanzu ta tashi sabuwa. Jiya kaɗai mutum goma sunka zo nemanta wurina, ban ba su ba, amma shagon gaba ya ba su. Abin nan ba a cikin waya yake zaune ba. Ko ka goge ta a wayoyin Zamfara duka, gobe wani a Legas ya latsa ta dawo."

"To ina take zaune? In je can."

"Babu can ɗin, Baba."

Lawwali, don ya sauƙaƙa masa, ya nuna masa wani hoto: wanda ya sa a yi waƙar, shi da Muktar ɗin da aka zaga, sun ɗaga hannun juna suna dariya, yanzu jam'iyyarsu ɗaya. "Ka gani? Su sun shirya, har shinkafa sunka ci tare. Ba wanda waƙar ta dama yanzu."

"Sa mini ita daga farko," in ji Haliru.

Bai taɓa jin ta har ƙarshe ba, kullum da ta fara yake zuwa a kashe. Ya zauna ya saurara kamar yadda yake kallon duro. A baiti na uku ya ji. Yaron ya bar Muktar ya koma kan uwar Muktar ɗin, ya kama sunanta ƙarara: Asabe mai daddawa, wanke hannunki, warin gidanku ya riga ɗanki zuwa majalisa. Sau huɗu ana maimaitawa.

"Ita wagga, tana raye?"

Lawwali ya ce bai sani ba, ba wanda ya taɓa tambaya.

Washegari da hantsi Haliru ya shiga motar Bungudu. Bai sha wahalar neman gidan Asabe ba, yaran da ya tambaya da waƙa suka nuna masa. Tsohon gida ne na ƙasa. Ta ƙi komawa gidan ɗanta a Gusau. Ya yi sallama, aka ce ya shigo zaure. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ɗaya ya yi fari, ta zauna daga bakin ƙofa da tasar daddawa a gefe.

Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi jiki. Sannan ya ce, "Inna, ni ne uban yaron da ya yi waƙar."

Fuskarta ta ɗaure. "Shi mi ya hana shi zuwa? Shekara arba'in ina kai daddawa kasuwa. Tun da ya buɗe baki ban sake zuwa ba. In na fito, yara na bi na suna cewa in wanke hannu. Mi na yi mashi? Ko ƙuri'ar ban je na jefa ba. Ka faɗa mashi, ban taɓa sallame asuba ban ce Allah ya isa ba."

"Inna, ya rasu. Shekara biyu ke nan."

"Wa ya rasu? Jiya da maraice na ji shi nan ƙofar gida."

"Waya ce. Shi yana ƙasa tun kafin zaɓe."

Ta juyo da idonta mai gani ta dube shi sosai.

"Shekarunsa nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Ya bar ɗiya?"

"Bai yi aure ba."

Ta sa gefen zane ta rufe baki. "Inna lillahi. Ashe gawa nike kai ƙara kullum safiya." Sai ta ce, "Ba za ta daina ba ko? Waƙar."

"Sun ce ba za ta daina ba. Na gwada."

"To ka ji. Na yafe mashi, duniya da lahira. Amma ba ni yi maka ƙarya, in na sake ji, raina zai ɓaci, tsohuwa ce ni ba waliyya ba. In ya ɓaci sai in sake yafewa. Duk sanda na ji, sai in sake. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ta ƙulla daddawa a leda ta tura masa. "Kai wa uwarsa. Hannuna a wanke yake."

A motar komawa an matse shi a kujerar baya, ledar na kan cinyarsa. Sun wuce Gusau, sun kama hanyar Tsafe, sai wayar wani fasinja a gabansa ta ɗauki waƙa. 'Yar dariyar nan ta fara fitowa. Hannun Haliru ya tashi da kansa zai taɓa kafaɗar mutumin, ya tsaya a sama, sannan ya sauko kan ledar.

Ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Faruk, ta yafe maka."

Muryar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da gudu bisa kiɗa, cike da ƙarfin ɗan shekara ashirin da huɗu, har ta iso baiti na uku ta kira sunan Asabe.