Gawar da ke numfashi a kafaɗata

A shekarar da aka sa dokar hana fitar dare a Alƙahira, ina zaune a unguwar Ard al-Liwa, a wani ɗaki da na kama saman gidan wata Hajiya, Bahaushiyar Sudan mai sayar da kisra, wata siririyar gurasa ta mutanen Sudan. Ni karatun fiƙihu ya kawo ni Masar. Ɗanta kuwa, wanda shi kaɗai Allah ya ba ta, adabin Turanci yake karantawa a jami'a.

Wata rana bayan la'asar ta aiko kirana. Na tarar da ɗan nata zaune ya sunkuyar da kai.

"Malam, zauna ka ji abin da ɗan nan ya kwaso mini. Wai mutuwa zai yi."

"Yumma, wasa ne fa!"

"Rufe mini baki. Da mutuwar ake wasa?"

Da ƙyar na gane zancen. Ajinsu ne za su gabatar da wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila, wanda aka rubuta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma da shi za a yanke musu sakamako. Wanda bai hau dandamali ba sai ya maimaita shekara. Shi an ba shi matsayin ƙanin sarki, wanda ake sokewa da takobi a fita da gawarsa. Hajiya ta ce ta ga an fita da ubansa a kwance, ba za ta yarda a fita da wannan ba, ko da ƙarya ne. Ta tambaye ni ko abin ya halatta. Na ce ba na yin hukunci a kan abin da ban gani ba. Gaskiya na faɗa, amma kuma ina son ganin.

A wani zaure a unguwar Dokki suke gwaji. Malamarsu, wadda suke kira Daktora, gajeruwar Bamisiriya ce mai saurin magana. Ta ba ni kujera, ta yi mini bayani da Larabci, ni kuma ina rubuta abin da ya ba ni mamaki da ajami a gefen littafina. Ta ce mutanen wancan zamani da rana tsaka suke wasansu, don haka dokar dare ba ta rage ta da komai ba. Ta ce maza ne ke fitowa a matsayin mata. Kuma ba su da labulen da za a ja a rufe dandamali, shi ya sa wanda ya mutu ba shi da damar miƙewa ya tafi, dole marubucin ya sa wani ya ce a ɗauke gawa. Ita kuma ta rantse yadda suka yi haka ɗalibanta za su yi.

Wannan ya tsaya mini a rai. Ashe rashin labule kawai kan sa mutum ya ƙara magana a littafinsa.

Aka soke ɗan Hajiya ya faɗi. Samari biyu suka zo, ɗaya ya kama ƙafafu, ɗaya hammata, suka ja shi kamar buhun albasa a kasuwar Ataba, kansa na lilo.

Da na koma na faɗa mata duk abin da na gani, har da jan. Na ce ban ga haram a ciki ba, amma zuciyarta ita ta san ta.

"Jan sa suke yi?"

"Ja, Hajiya."

"To khalas, shi ke nan. In dai sai an ɗauke shi, a ɗauke shi kamar mutum. A kafaɗa, kai a gaba. Kuma kai, Malam, kana cikin masu ɗauka. Ni ma zan zo in ga wanda zai yar mini da shi."

Daktora ta yi murna da shawarar, ta ce ƙarshen zai fi nauyi. Aka ba ni wata baƙar alkyabba na ɗora kan jallabiyata.

Ranar wasan Hajiya ta zauna a sahun gaba, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Da ya faɗi, na ga ya mirgina ya kwanta a kan damansa, abin da bai taɓa yi a gwaji ba. Muka ɗaga shi mu huɗu. Ban san lokacin da bakina ya fara kalmar shahada a hankali ba, kamar yadda ya saba a hanyar maƙabarta. Sai na ji haƙarƙarinsa na motsi a kafaɗata, yana danne dariya. Na matse masa hannu har muka shige bayan dandamali.

Muna sauke shi sai ga Hajiya ta biyo mu. Ta dafa ƙirjinsa, ta jira ta ji ya ɗaga ya sauka.

"Tashi, ja'iri. Yalla."

Ya ci jarrabawarsa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na sauko na tarar tana raba kisra ga masu wucewa, ba ta karɓar komai.

"Sadakar godiya ce, Hajiya?"

"Wannan na riga na yi. Ta yau ta wancan ce, ƙanin sarkin. Na zuba ido har aka tashi, ban ga ko mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a ba. Malam, a littafin nasu ba a faɗi ko yana da uwa ba?"

Na ce ban sani ba, amma zan tambayi Daktora.