Haramin Yaya Hamza da Kafaɗar Anas

Asabar ɗin nan Yaya Hamza ya cika shekara tara da rasuwa. Na yi niyyar in zauna a natse in rubuta masa abin da ƙani kan rubuta wa wansa, addu'a da yabo, amma makon bai bar ni na zauna ba. Tun Lahadi wayata ke ƙara, kuma duk maganar ɗaya ce, kafaɗar ɗansa Anas. Saboda haka ku yi mini haƙuri, waiwayen bana a tsaitsaye na yi shi.

Anas shi ne golan ƙungiyar ƙwallon kwalejinsu a Yanbu, inda yake shekarar ƙarshe ta koyon aikin lantarki. Sun kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji, abin da suka daɗe ba su gani ba. A wasan da ya kai su can ne ya yi tsalle ya faɗi a kan hannun dama, kafaɗar ta goce. An mayar da ita a asibiti, likita ya rataye masa hannun a wuya, ya ce ya manta da ƙwallo sai bayan makonni. Wasan ƙarshe kuwa ranar Alhamis. Golan da ke bayansa yaron kirki ne mai ladabi, ladabin har ya yi yawa, don ko ƙwallo ba ya iya hana ta wucewa.

Muna da zaure a waya, na tsofaffin ɗalibai da iyaye da 'yan uwa, daga nan Madina har Yanbu. Nan aka ɗora tukunyar. Wani ya ce a yi masa allurar kashe zafi, minti casa'in ne kawai, ba yaƙi za shi ba. Wani ya ce a ɗaure kafaɗar tamau, shi ma ya taɓa buga wasa da tsagewar ƙashi, alhali na san shi tun yana yaro, ko layin fili bai taɓa tsallakawa ba. Wani bawan Allah mutumin Maraɗi da ke aiki a wani gareji a unguwar Sultana ya ce a ji tsoron Allah a bar yaro ya warke, aka yi masa ca, wai shekararsa nawa a ƙasar da zai san darajar kofin. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kowa da sunan Yaya yake rufe maganarsa. Masu cewa a sa shi su ce da Hamza na raye da kansa zai sa masa safar hannu. Masu cewa a bar shi su ce da Hamza na raye ba mai ko tayar da zancen. Na yi ta rubuta amsa ina gogewa, don ni da muka fito ciki ɗaya da shi ban san me zai ce ba.

Ga abin da na sani. Yaya ma gola ne a zamaninsa, a kwalejin koyon sana'a a nan Madina, lokacin da filin wasanmu ƙasa ce da tsakuwa. Shi ma kafaɗar dama ce ta goce masa, kwana uku kafin wasan ƙarshe. Mai ɗori ya mayar, ya ce ya kwanta. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta tsaya dogon zance ba, ta ɗauke safar hannunsa ta cusa a cikin buhun shinkafa, don ta san ba zai tsaya a raga ba sai da ita. A lokacin ina ɗan shekara goma sha bakwai, ni ne mai buga galan a bakin fili, ni ne mai fara waƙa sauran su amsa. Da safen wasan magoya baya suka cika ƙofar gidanmu suna kiran sunansa. Ni na ga inda Inna ta ɓoye safar. Ni na zura hannu har gwiwar hannu a cikin shinkafa na zaro ta, na miƙa masa ta taga.

Mun ci wasan. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na rufe ido ina ganin bugun fenaritin da ya tare ana dab da tashi, da wannan hannun na dama, kuma har yau tsigar jikina tashi take. Aka ɗaga shi sama ana zagaya fili da shi, yana dariya hawaye na zuba, muka ɗauka na murna ne. Kafaɗar ta sake fita a wannan faɗuwar, ta tafi da abin da ba a iya mayarwa ba. Daga ranar hannun bai ƙara wuce daidai kunnensa ba. Aikin da yake jira a wata matatar mai a Yanbu ya kuɓuce masa, don ya faɗi a gwajin lafiya. Kofin kuwa, na taɓa zuwa nemansa bayan shekaru, aka ce an yi gyaran ofis, ba wanda ya san inda aka ajiye shi.

Yaya ya buɗe ɗan shago kusa da Bi'ir Ali, inda mutanen Madina ke ɗaura harami, yana sayar wa maniyyata harami da bel da silifa. Ya koya wa mutanen da ba su ƙirguwa yadda ake ɗaurawa da yadda ake yafawa, da Hausa, da Larabci, da nuni in harshe ya ƙare. Amma nasa haramin ba ya iya yafa wa kansa. Zanen ƙasa yana ɗaurawa, na sama ne matsalar, don sai ka ɗaga hannu ka wurga shi ta bayanka ya sauka a kafaɗu. Duk umarar da muka yi, kusan shekara talatin, ni ke tsayawa a bayansa in yafa masa in gyara. Bai taɓa ce mini komai game da buhun shinkafa ba. Sai dai ya juya baya ya ce, "Usman, zo ka yi aikinka." Da ya zage ni sau ɗaya da na fi samun sauƙi.

Saboda sunan da ya yi, duk ƙungiyar unguwa da golanta ya ji ciwo wajensa ake kawo shi. Ba ya taɓa ciwon, ba ya tambayar abin da likita ya ce, don ya san yaron zai yi ƙarya, masu rakiyar su taya shi. Sai ya zaro mayafin harami daga kanta ya miƙa wa yaron ya ce ya yafa, da hannun da ke ciwon. Shi fuska yake kallo. In ta motsa, ya karɓe mayafinsa ya ninke, magana ta ƙare. Masu rakiya su yi ta magiya, wasan na da muhimmanci, unguwa za ta ji kunya. Sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su wane ne a cikinsu zai riƙa zuwa yana yafa wa yaron harami bayan an tashi wasa. Ban taɓa ganin wanda ya amsa ba.

To in haka ne me ya sa nake cewa ban san me zai ce ba? Saboda mutumin nan da ya zaunar da gololi da yawa, safar nan tana cikin akwatinsa har ya rasu, a naɗe cikin leda. Kuma wata rana muna shan shayi a ƙofar shago, ba gaira ba dalili, ya ce mini duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na ranar da aka zagaya fili da shi ba. Ya faɗa, ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Na kwashe shekaru ina juya wannan maganar, ban san ko lallashina yake yi ba ko gaskiyarsa ya faɗa.

Ranar Talata mahaifiyar Anas, Hajiya Zainab, ta aiko a kira ni. Ta ce yaron ya daina ɗaukar wayarta, ta ji an ce ya yarda da allurar, kocin kuma ya ce zaɓi na hannunsa. Ta ce yanzu ni ne ubansa, in je. Ta ɗauko haramin Yaya na ƙarshe, wanda ta wanke ta ajiye, ta ɗora mini a cinya. Matan gidanmu sun san fiye da abin da muke zato.

Laraba da hantsi na kama hanyar Yanbu. In faɗi gaskiya, har na wuce rabin hanya wani ɓangare na zuciyata addu'a yake yaron ya yafa mayafin nan fuskarsa ba ta motsa ba. Mai buga galan bai mutu a cikina ba, tsufa kawai ya yi.

Na same shi a ɗakinsa, ya cire abin ratayen ya jefa a kan gado. Na yi masa Hausa, ya amsa da Larabci kamar yadda yaranmu na nan suka saba, wai shi tamam yake, ba abin da ke damunsa. Na warware mayafin na miƙa masa na ce ya yafa. Ya yi dariya ya karɓa da hagu. Na ce da dama. Ya ɗaga hannun, ya kai shi daidai kunne, sai na ga leɓensa ya shige cikin haƙora, mayafin ya zame ya faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauka, na zagaya bayansa, na yafa masa na gyara. Faɗin bayan nan na ubansa ne sak.

Na tambaye shi ko ya tuna wannan. Ya ce sosai, a Bi'ir Ali, yana ƙarami yana riƙe mana silifa. Ya ce shi ya ɗauka al'adarmu ce ta Hausawa, ƙani ya yafa wa wansa harami don girmamawa, har ya taɓa ba abokansa labari yana alfahari. Ashe duk tsawon rayuwarsa yaron nan bai san hannun ubansa ba ya ɗaguwa ba, ya san dai yana da tsohon ciwo. Nan na zauna a bakin gado na gaya masa komai, har buhun shinkafa, abin da ban taɓa gaya wa ko matata ba.

Ya ce, yana kirana baffa da Larabci, "Kun ci wasan, ya ammi?"

Na ce mun ci.

"Ya taɓa cewa ya yi nadama?"

Nan ne na so in yi ƙarya, kuma da na yi ta, da ta yi mini aiki. Amma ban iya ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba, bayan na kwana uku ina jin haushin masu yin hakan. Na ce bai taɓa ba, har ma ya ce ranar ta fi kowace rana daɗi. Na ce amma ni na yafa masa kusan shekara talatin, kuma ni na yi masa wanka, hannun nan ko a ranar bai miƙe yadda ya kamata ba. Na ce ni na tsufa, ba ni da wata shekara talatin da zan ba shi. Na bar mayafin a kafaɗarsa na fito, ban san abin da ya yanke ba.

Alhamis da la'asar ya fito fili da hannu a rataye, ya zauna a benci. An ci su biyu da nema. Ƙwallo ta biyu ta tsakanin ƙafafun yaron nan mai ladabi ta bi, kuma Allah ya gani, abin da ya fara zuwa raina shi ne da Anas ne da ya kama. Na ji kunyar kaina har na kasa duban benci. A zaure kuwa na sha suna. An ce na karya wa yaro zuciya, an ce na ci amanar sunan Hamza. Mutumin Maraɗin nan kaɗai ya aiko mini da addu'a ta gefe. Anas bai yi mini magana ba bayan wasan, ya shige mota da abokansa, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu da nake wannan rubutu ina tambayar kaina me ya rage na Yaya Hamza. Shagon ya koma hannun wasu. Waɗanda suka ɗaga shi sama rabinsu sun bi shi, sauran suna zaure suna ba da fatawa da sunansa. Ban san ko zai yaba mini ba, mai yiwuwa ma ya ce na hana yaro ranar da ba za ta dawo ba, kuma zan ci gaba da juya wannan kamar yadda na juya waccan maganar ta bakin shago. Abin da na tabbata ya bari shi ne tambayar nan tasa da ba a taɓa amsa masa ba, da kuma ɗa mai hannu biyu. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya yafe wa wanda ya miƙa safa ta taga.

Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci saƙon murya ya shigo daga Anas. Da Hausa ya yi shi, Hausar tasa mai tuntuɓe, ina jin sai da ya maimaita kafin ya aiko. Ya ce in likita ya sallame shi yana so mu je mu yi wa babansa umara, da wannan haramin. "Ka zo Bi'ir Ali, Baffa," in ji shi, "amma ka tsaya a gefe. Ni zan yafa da kaina."