Lambar Isma'ila

Shu'aibu tela ne a Unguwar Shanu, mutum marar yawan magana. Mahaifinsa malami ne a Zariya, shi ya koya masa hisabi tun yana ƙarami, shi ya sa ko da ya kama ɗinki lissafi bai fita daga ransa ba. Shi da matarsa Dije ɗa guda Allah ya bar musu, Isma'ila, wanda ya shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa.

Yaƙi ya ƙare a farkon 1970. 'Ya'yan mutane suka yi ta dawowa, wasu da ƙafa ɗaya, amma ba Isma'ila. Shu'aibu ya yi ta zarya bariki har takalminsa ya cinye. Ba wanda ya ce Isma'ila ya mutu, ba kuma wanda ya ce yana raye. Abin da ya rage a hannunsu wasiƙa ce guda, da lambarsa ta soja a samanta: 103603.

Wata rana bayan la'asar ya ɗauki allin da yake zana yadi, ya rubuta lambar a kan teburin yanka, ya raba ta biyu. Ta ƙi, saura ɗaya. Washegari ya gwada uku, ita ma ta ƙi. Daga nan abin ya zame masa al'ada, kullum lamba ɗaya tak, ba ya ƙarawa.

Maƙwabcinsa Zakari, malamin firamare, ya same shi a kai wata rana.

"Akwai lambobin da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu," in ji Zakari. "Wannan in ka kai ɗari uku da ashirin da ɗaya ba ta rabu ba, to ba za ta taɓa rabuwa ba. Kawo in taya ka, mako guda mun gama."

"A'a, Malam. Ba sauri nake ba."

Dije kam ta gaji. "Maigida, mu yi wa yaron nan sadaka mu huta. Alli zai dawo da shi?"

"Na san ba zai dawo da shi ba," ya ce. "Amma duk ranar da ta ƙi rabuwa, sai in ji kamar yana nan wani wuri da ransa. Bar ni in kai ƙarshe."

Damina ta zo ta wuce, azumi ma haka. Ya wuce ɗari uku, har ya fara yi wa masu kawo ɗinki fara'a. Ranar da ya zo kan ɗari uku da sha uku, lambar ta rabu tas: ɗari uku da talatin da ɗaya, ba saura ko guda. Ya sake yi sau uku, amsar ba ta sauya ba.

Ya rufe shago tun rana ba ta faɗi ba. Dije na tankaɗe a tsakar gida ya shigo.

"Ki jiƙa gero," ya ce. "Jibi za mu yi sadakar."

Ta ajiye rariyar, sai a ranar ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Shu'aibu ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya raunana. Ya rasu a 1976 bayan gajeriyar jinya. Dije ta sayar da keken ɗinkin, ta koma wajen ƙanenta a Zariya.